Gonar Gado da Ma'aikatar Magajin Gari: Tushen Rigimar a Ƙasar Ƙonni

Duk wanda ya taɓa ganin an kafa turakun awo cikin gonar kakansa a bayan Birnin Ƙonni ya san yadda maganar ke farawa. Ma'aikatar magajin gari ta ce gari ya faɗaɗa, za a yanka fegi. Magada su ce gonar tasu ce tun kaka da kakanni. Sai a tambaye su takarda.

Rashin takardar nan ba sakacinsu ba ne. Turawan Faransa sun shigo da ƙa'idar cewa ƙasar da ba kowa, kuma ba mai ita, ta gwamnati ce, alhali gonar da aka bari ta huta ma tana da mai ita. Dokarsu ta 1932 ta sake tsara rajistar fili, amma manomi nawa ya san ƙofar ofishin? Bayan 'yancin kai, gwamnatin Diori Hamani ta yi doka a 1962 ta soke fifikon da sarakuna ke da shi kan gonakin sarauta. Sannan a Disambar 1974 Seyni Kountché ya yi shelar cewa gona ta mai noma ta ce. Wanda aka ba aro ya ji daɗi, mai bada aro ya haɗiye fushinsa. Jikokinsu na ja-in-ja har yau.

A Ƙonni akwai ƙarin ƙulli. Daga ƙarshen shekarun 1970 gwamnati ta gina filin noman rani mai kadada sama da 2,400, da ruwan madatsun Mozague da Zango na kwarin Magiya, ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA. Gonakin gado suka koma na hukuma, aka sake rabo, mai gona ya zama mai amfani da kaso. Mutanen da suka ga haka, da wuya su yarda in an ce musu awo ne kawai.

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ce ta yi wa manomi adalci, a ganina. Ta ce mallakar gargajiya da ta takarda kariyarsu ɗaya, ta amince da gadon da jama'a suka shaida, ta kafa kwamitocin ƙasa da ake kira kofo, ta kuma ce a fara neman sulhu gaban sarki kafin kotu. Sai dai da aka zaɓi majalisun kwamin a 2004, magadan gari sun tarar da baitulmali ba nauyi, sayar da fegi kuwa kuɗi ne na hannu. Dattawan da suka san iyaka, daga waccan gawo zuwa wancan kwari, suna ta ƙarewa.

A Afrilun 2024 mulkin soja ya rushe majalisun, ya naɗa masu riƙon ƙwarya. Magajin da ya fara ƙara da zaɓaɓɓen magajin gari, yanzu gaban naɗaɗɗe yake ci gaba da ita.