Jaruman Zane da Jaruman Zube a Kan Iyaka: Nazari Daga Illela

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta labaran jarumtaka da al'ajabi da aka buga cikin zane tsakanin 1966 da 1977 da takwarorinsu na zuben Hausa, tana duban su daga Illela ta jihar Sakkwato. Hujjarta ita ce, Bahaushe ya riga ya mallaki irin waɗannan labarai, amma tsarin ɗab'i ya raba masa su gida biyu: zane a harshen baƙi, Hausa kuma a zube.

Gabatarwa

Tsakanin Illela da Birnin Ƙonni 'yar tafiya ce. Hausa ɗaya ake yi a kasuwannin biyu, ga auratayya, ga zumunci. Boko ne ya bambanta: ɗan Illela da Ingilishi, ɗan Ƙonni da Faransanci. Wannan ya sa wurin ya dace da nazarin, domin kowane ɓangare yana fuskantar tasa mashigar littattafan zane.

Mashiga biyu

Ta ɓangaren Nijeriya, kamfanin Drum ya yaɗa mujallar African Film daga ƙarshen shekarun 1960. Hotunan mutane ne aka jera, aka rubuta maganarsu a kai. Jaruminta Lance Spearman, mai malafa da sigari, yana fafatawa da Rabon Zollo da miyagun masana kimiyya masu ƙera na'urorin halaka. A 1975 Powerman ya fito, ana buga shi duk mako biyu har 1977. Turawan Ingila ne suka tsara shi: Donne Avenell da Norman Worker a rubutu, Dave Gibbons da Brian Bolland a zane.

Ta ɓangaren Nijar kuwa, mujallar Kouakou ta fara fita daga Faris a 1966, da tallafin gwamnatin Faransa, ana rarraba ta ga yaran ƙasashen da Faransa ta raina. Akwai kuma ƙananan littattafan aljihu irin su Akim da Zembla, jaruman daji masu kama da Tarzan.

Daga ina ƙarfin jarumi yake?

Nan ne kwatancen ya fi armashi. Powerman baƙar fata ne, yana tashi sama, ƙarfinsa ya wuce na mutane, lagonsa ɗaya shi ne saran maciji. Wannan zaɓi ya yi daidai, domin manomin da ke shiga gona da damina ya san maciji, bai san wani dutsen wata duniya irin wanda ke karya Superman ba. Sai dai mawallafan sun sa an sanya wa kowane gidan zane lamba don kada mai karatu ya ɓata. A ganina wannan raini ne, tunda masu karatun sun shekara suna bin Spearman shafi bayan shafi.

A zuben Hausa ƙarfi yana da asali, kuma yana da Mai bayarwa. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa gurgu ne tun haihuwa, sai da baƙi bayin Allah suka zo masa sannan ya miƙe, ya tafi yi wa Sarki Waldima yaƙi. Tushen labarin na Rasha ne, amma an yi masa wankan Musulunci har ya zama ɗan gida. Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar 1933, ya tashi daga yaƙin Turawa ya faɗa duniyar aljannu. Shi kuwa Umaru Dembo, a Tauraruwa Mai Wutsiya ta 1969, shekarar da Amurka ta sauke mutum a wata, ya ɗauki yaro Kilba ya haɗa shi da baƙon sama Kolin Koliyo, suka ratsa sararin samaniya. Kilba ba ya dukan kowa ya faɗi don nuna isa. Kallo yake yi, yana tambaya, yana koyo. Ƙagaggen labarin kimiyya ke nan na sosai, shekara shida kafin Powerman.

Me ya raba zane da Hausa?

Masu buga littattafan Hausa, daga Hukumar Talifi zuwa NORLA zuwa kamfanin NNPC da aka kafa a Zariya a 1966, makaranta da yaƙi da jahilci suka fi yi wa aiki. Littafin da zai shiga manhaja suke nema. Mujallar zane kuwa 'yar kasuwa ce, tana bukatar mai zane na dindindin da fita a kan kari da masu saye da yawa, shi ya sa ta bi Ingilishi da Faransanci da ke ratsa ƙasashe. Amma hoto ba ya neman tafinta. Yaron da bai iya Faransanci ba zai bi Zembla da ido, ya ba abokansa labarin da Hausa, ya cike giɓin da abin da ya sani na tatsuniya. Wannan sake ba da labari da baki shi ne fagen da ya kamata manazarta su shiga, ta hanyar hira da waɗanda suka yi firamare a Illela da Ƙonni a shekarun 1970, tun suna raye, a ji sunayen da suka laƙaba wa jaruman da yadda suka fassara ƙarfinsu.