Tsawon allurar da ta dace da rago, akuya da saniya

A makonnin da ke gaban Babbar Sallah, gidaje da dama a unguwar Briqueterie ta Yawunde kan ɗaure ragon layya a ƙofar gida. Yawancin dabbobin daga arewacin Kamaru ake kawo su, kuma wahalar doguwar hanya kan sa wasu tari ko zawo. Sai mai rago ya sayo magani da sirinji ya yi masa allura da kansa. Sau da yawa maganin daidai ne, tsinken allurar ne bai dace ba.

Lambobin jikin leda

Lambobi biyu ake rubutawa a ledar kowace allura: kauri da tsawo. Kaurin yana ɗauke da harafin G, kuma yadda lambar ke ƙaruwa haka allurar ke sirancewa, wato 16G ta fi 20G kauri. Launin gindin allurar ma alama ce: 16G fari, 18G ruwan hoda, 20G rawaya. Tsawon kuwa da milimita ake auna shi.

Allurar cikin tsoka

- Babbar saniya ko bijimi: 16G ko 18G, milimita 38 zuwa 40.
- Maraƙi, babban rago ko akuya: 18G ko 20G, milimita 25.
- Ɗan rago ko ɗan akuya: 20G zuwa 22G, milimita 13 zuwa 16.

Dabbar da ta rame ana rage mata tsawo, mai ƙiba kuwa a ƙara. Magani mai kauri, kamar oxytetracycline mai daɗewa a jiki, ba ya fita da sauƙi ta siririyar allura.

Idan allura ta yi gajarta, maganin kan tsaya a kitse ko ƙarƙashin fata, jiki ya sha shi a hankali, wurin ya kumbura har ya yi ƙurji. Idan ta yi tsawo, tana iya taɓa ƙashi ko jijiya.

Inda ake sokawa

Gefen wuya, gaban kafaɗa, shi ne wurin da likitocin dabbobi suka fi so. A guji cinya: akwai babbar jijiya a nan wadda taɓa ta kan gurgunta rago, kuma tabon allura kan ɓata naman da masu suya suka fi nema. A soka a miƙe, a ɗan ja sirinjin baya. In jini ya fito, a canza wuri. Kada a wuce mililita 10 a wuri ɗaya ga saniya, ko 5 ga rago.

Ba kowane magani ne na tsoka ba. Ivermectin da rigakafin annobar awaki da tumaki ta PPR, irin wanda cibiyar LANAVET ta Garwa ke haɗawa, ƙarƙashin fata ake yin su, da gajeriyar allura.

Kafin yanka

Allurar da ta lanƙwashe a jefar da ita, domin in aka miƙar da ita tana iya karyewa cikin nama. Kowane magani kuma yana da kwanakin jira kafin a yanka dabbar, a rubuce a jikin kwalba, wasu kan kai mako uku ko fiye. Mai ragon layya ya ƙirga kwanakin kafin ya soka allura, ko ya nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi na ma'aikatar MINEPIA ya duba ragon.