Ƙwazon Ma'aikaci da Isowar Kaya a Masana'antar Peugeot ta Kaduna, 1975-2006

A Dakoro, kamar sauran garuruwan jihar Maraɗi, babu masana'antar ƙera kayan mota. Amma fijo 504, wadda ta daɗe tana jigilar mutane da buhunan hatsi tsakanin Dakoro da Maraɗi, kayan gyaranta ta Kano da Katsina suke shigowa, wasu motocin ma a Kaduna aka harhaɗa su. Saboda haka ne muka ga ya dace mu dubi tarihin masana'antar Kaduna, domin mu gwada wani ra'ayi da ake yawan maimaitawa, wai raguwar aiki a masana'antunmu daga kasalar ma'aikaci take. A ganinmu, tarihin bai goyi bayan wannan ra'ayi ba.

Kamfanin Peugeot Automobile Nigeria ya fara aiki a unguwar Kakuri a shekarar 1975, bisa haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin Najeriya da Peugeot ta Faransa. Aikinsa harhaɗawa ne: sassan mota su zo daga Faransa a cikin akwatuna, ma'aikata su ɗaura su a kan layi. A wannan shekarar ce kuma jiragen ruwa maƙare da siminti suka cunkushe tashar Legas, har jirgi kan yi watanni bai sauke kaya ba. Masu gudanar da kamfanin sai suka kauce wa teku, suka riƙa ɗauko sassan da jirgin sama daga Liyon zuwa Kano, daga nan a kai su Kaduna. Hanya ce mai tsada ƙwarai, amma layin ya samu abin yi, har a farkon shekarun 1980 masana'antar tana fitar da dubun-dubatar motoci a shekara.

Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta tsananta dokar shigo da kaya a 1982, lasisi da kuɗin waje suka yi wuya. A 1986 gwamnatin Babangida ta karya darajar naira, kowane akwati ya ƙara tsada. Ma'aikacin da ya ƙware jiya shi ne dai a bakin layi yau, sai dai babu abin ɗaurawa. In aka raba yawan motoci da yawan ma'aikata, lissafi zai nuna ƙwazo ya ragu, alhali kaya ne suka yanke.

A nan kwatanci da Japan yana da amfani. Tsarin da Taiichi Ohno ya kafa a Toyota, na kawo kowane sashe daidai lokacin da ake bukatarsa, ya dogara ne ga ƙananan masana'antu da ke kewaye da babbar. Kaduna ba ta samu irin wannan zobe mai ƙarfi ba. An samu masu yin taya da batir da kujeru a cikin ƙasa, amma inji da giya daga waje suke zuwa. (Maƙeran kasuwar Panteka, a cikin Kadunan, suna kwaikwayon sassa da hannu, amma masu gyara suke yi wa aiki.)

A 2006 gwamnati ta sayar da hannun jarinta ga ƴan kasuwa, aka kuma daina haɗa 504. Michelin ta daina yin taya a Najeriya a 2007, Dunlop ta bi ta a 2008. Tun kafin nan motocin Kwatano sun cinye kasuwa, kuma da yawansu ta Gaya da Maraɗi suka bi kafin su tsallaka iyaka.