Jinin Farkon Ciki a Birnin Katsina: Tsakanin Zaure, Ɗaki da Asibiti

Kafin gwajin fitsari da na'urar hoton ciki su iso birnin Katsina, mace ba ta da wata shaida a kan cewa ta ɗauki ciki sai ɓatan wata da laulayi, wato kasala da tashin zuciya da kwaɗayin da ke zuwa da sabon ciki. Saboda haka, idan jini ya ɓullo bayan wata ɗaya ko biyu, ko da ɗigo ne tare da murɗawar mara, babu wanda zai iya rantsewa ko al'ada ce ta makara, ko ɓari ne, ko kuwa cikin yana nan daram, alhali sallar matar da azuminta da iddarta, wani lokaci har da nasabar ɗan da za ta haifa, duk sun rataya a kan amsar.

Amsa ta farko daga zauren malamai ta fito. Katsina tsohuwar cibiyar karatu ce tun zamanin da Shehu Magili ya ziyarce ta a ƙarshen ƙarni na 15, da zamanin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani a ƙarni na 17, kuma fiƙihun da ake karantarwa na mazhabar Malikiyya ne. Imamu Malik yana ganin mai ciki tana iya yin haila, saɓanin Hanafiyya da Hanbaliyya waɗanda ke ɗaukar duk jinin da mai ciki ta gani a matsayin istihala, wato jinin ciwo wanda ba ya hana salla. Ahalari, ɗan ƙaramin littafin nan na ƙarni na 16 da ake fara karatun fiƙihu da shi, ya ƙayyade wa mai ciki kwana 15 ko kusa da haka bayan wata uku, da kwana 20 ko kusa da haka bayan wata shida, yayin da malaman mazhabar suka yi saɓani a kan wata na farko da na biyu. Masu sharhin Muhtasar na Halilu sun zurfafa fiye da nan: tun da sauke ciki yana ƙare idda ko da gudan jini ne, sai suka kawo gwajin zuba masa ruwan zafi, in bai narke ba a hukunta cewa ciki ne ya zube. Wannan karatu ya dasa wa mutanen gari fahimtar cewa ganin jini ba shi ne ƙarshen ciki ba, kuma a wannan gaɓar likitancin zamani bai ƙaryata malamai ba.

A cikin gida kuwa tsofaffin mata ne ke da ta cewa, domin kunya tana hana amarya, musamman mai cikin fari, faɗin halin da take ciki, ungozoma kuma aikinta ya fi ƙarfi bayan haihuwa, wajen yanke cibiya da wankan jego. Ana danganta zubar jinin da aikin ƙarfi, ko shafar iska, ko sammun kishiya, sai a hana matar daka da ɗaukar tulu, a nemo mata rubutun sha da saiwoyi, a ɗaura mata guru ko laya a ƙugu da nufin riƙe cikin.

Inda al'amarin ya fi ɗaukar hankali shi ne kwantaccen ciki. Idan mace ta yi ɓatan wata, ta ga jini, sannan cikin bai ci gaba da girma ba, ba lalle ne a ce ta yi ɓari ba. Ana iya cewa cikin ya kwanta, zai kuma tashi bayan watanni ko shekaru, da kansa ko da taimakon magani. Wannan fahimta ba ta Hausawa kaɗai ba ce, an san ta a Maroko da Aljeriya da sauran ƙasashen Malikiyya, kuma tana da madogara a fiƙihu, inda mashahuran maganganu biyu suka kai iyakar zaman ciki shekara huɗu ko biyar. Amfaninta ga mata bai ɓuya ba: wadda ba ta haihu ba takan tsira daga gorin juya da barazanar saki, wadda aka saka ko wadda mijinta ya daɗe a fatauci takan sami mafaka ga mutuncinta da na ɗanta.

Likitoci suna karanta alamomin nan ta wata hanya dabam. Kusan mace ɗaya cikin huɗu tana ganin jini a watanni ukun farko, kimanin rabin waɗannan kuma cikinsu yakan kai ga haihuwa lafiya, wanda shi ya sa guru da rubutu suka daɗe da suna mai kyau. Kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na cikin da aka tabbatar yakan zube, kusan rabinsa saboda tangarɗa a ƙwayoyin halittar ɗan tayin, abin da daka ko kishiya ba su da hannu a ciki, kodayake zazzaɓin cizon sauro yana ƙara haɗarin. Abin da ake kira kwantaccen ciki sau da yawa ɓari ne da ba a lura da shi ba, ko ɗan tayin da ya mutu bai fita ba, daga baya wani sabon ciki ya shiga. Mafi muni shi ne cikin da ya zauna a wajen mahaifa, galibi a bututun ƙwai, wanda ke samun ciki ɗaya ko biyu cikin ɗari: jinin da ake gani kaɗan ne, ciwon a gefe guda na mara, amma in bututun ya fashe jini yakan taru a cikin jiki, matar ta yi jiri ta suma, kuma haƙurin da al'ada ta koyar a nan shi ke kisa.

Asibiti ya daɗe bai kai ga wannan jinin ba, domin hankalinsa ya fi tafiya ga masifun ƙarshen ciki, kamar doguwar naƙuda da yoyon fitsari, wanda likita ɗan ƙasar Holan Kees Waaldijk ya fara yi wa tiyata a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina a 1984. Na'urar hoton ciki, wadda Ian Donald ya gabatar a Glasgow a 1958, ita ce ta sauya lissafin lokacin da ta yaɗu a Babban Asibitin Katsina da Asibitin Koyarwa na Tarayya da asibitin mata da yara na Turai Yar'adua da ɗakunan hoto masu zaman kansu, domin cikin mintoci tana nuna ko akwai ciki, ko yana cikin mahaifa, ko zuciyar ɗan tayin tana bugawa, ko kuma ana bukatar wankin ciki, wato kwashe ragowar ɓari don kada jini ya tsinke ko mahaifa ta ruɓe. Duk da haka mata da yawa ba sa fara zuwa awo sai ciki ya fito, bayan watannin da ake magana a kansu sun wuce.

A fagen shari'a kuwa kwantaccen ciki bai rasa ƙarfinsa ba. A watan Maris na 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa saboda ta haihu bayan mutuwar aurenta, babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin a watan Agusta na shekarar, amma a ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke birnin Katsina, da rinjayen alƙalai huɗu cikin biyar, ta soke shi. Daga cikin dalilanta har da cewa ba a ba ta damar janye iƙirarinta ba, kuma 'yar da ta haifa ta zo ne cikin wa'adin shekara biyar da Malikiyya ta yarda a jingina ɗa ga tsohon miji.