Daga Tuwon Bariki Zuwa Abincin Leda: Waiwaye A Kan Gidajen Abincinmu Na Jos

Duk lokacin da aka tashi ba da tarihin zamanmu a garin nan, abin da akan fara kawowa shi ne haƙar kuza, da zuwan jirgin ƙasa, da sarauta, da siyasa, sai kuma rigingimu. Ba kasafai ake tunawa da tukunya ba. Alhali kuwa duk mai son sanin yadda muka zauna da junanmu da maƙwabtanmu, to, ya je bencin mai tuwo, domin a nan ake gane wa ya yarda da wa, wa ke cin bashin wa, wa kuma ya ɗauke ƙafa. Shi ya sa a wannan fitowa muka ga ya dace mu waiwayi gidajen abincin da muka taso muka tarar, da waɗanda muka ci a cikinsu, da kuma abin da ya same su.

A ƙasar Hausa ta asali, abin kunya ne a ga magidanci yana sayen tuwo a waje. Da magariba ta yi kowa kan fito da kwanonsa ƙofar gida a yi ciyayya, baƙo ma a nan zai sa hannu. Sayen tuwo sai gwauro ko matafiyi. To, amma yawancin kakanninmu da suka hauro dutsen nan a gwauraye da matafiya suka zo. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos a 1914, babban layin da ya biyo ta Kafanchan kuma ya iso a 1927, suka yi ta sauke leburori da fatake da mahauta. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, Turawa suka yi abin da iyayenmu ke kira ɗiban gwamna, wato aka riƙa kwaso dubban mutane daga lardunan Arewa a kan tilas domin haƙar kuza, da yawansu kuma sanyi da yunwa suka kashe. Mutumin da ya yini cikin ruwa da taɓo a ƙasar da tudunta ya kai mita 1,200, ba shi da mata ba shi da murhu, ina zai ci? Sai wurin mai tuwo-tuwo. Haka sana'ar ta kafu a Bukur da Barikin Ladi da sauran barikokin kuza, kafin ta zauna da gindinta a cikin gari. Tun daga can aka gaji al'adar a ci yau a biya ranar biya, kuma tun daga can kunyar cin abinci a waje ta ragu a wurin mutumin Jos.

Mu da muka yi wayo a Nasarawa Gwom a ƙarshen shekarun 1970, gidan abinci na farko da muka sani ba shi da allo ba shi da suna, sai dai a ce gidan wance mai waina, ko gidan wance mai ɗanwake. Matan suna cikin gida, ba a ganinsu, amma hannunsu ya san kowane lungu ta hanyar 'yan talla. Da asuba, sanyi na yanka kunne, za a ba yaro langa da 'yan kwabbai ya je layin ƙosai da koko kafin ya wuce makaranta. Wadda ta iya sana'a ita ce mai yi wa yaro gyara, domin ta san gobe ƙafarsa ba za ta kai shi wani gidan ba. Masar da ake toyawa a tanda ta ƙasa, a zuba mata miyar taushe da man shanu, har yau ba mu ga wadda ta kamo ta ba, duk da cewa mutanen Bauchi za su ce su ne iyayen gidanta, mu kuwa ba ma jayayya da baƙo.

Kada mai karatu ya raina waɗannan 'yan kwabbai. Da kuɗin waina aka yi wa 'ya'ya mata kayan ɗaki, da kuɗin tuwo aka biya wa da yawanmu kuɗin makaranta, akwai kuma gidajen kwano a unguwar nan da idan aka bi salsala, muciya da mara ne suka gina su. Wasu iyayen namu ma da wannan sana'a suka sauke farali. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Da muka zama samari, sai dare ya zama namu. Teburin mai shayi shi ne majalisa, shi ne gidan jarida. A nan ake sauraron BBC da Rediyon Kaduna, a nan ake gardamar ƙwallon Mighty Jets, a nan kuma ake warware fim ɗin Indiya da aka gani a silimar Kwararafa, ana tsoma burodi a shayi mai kauri. Wanda aljihunsa ya yi nauyi sai ya zarce wurin mai tsire ko mai balangu, a naɗe masa a takarda da albasa da yaji. Kabeji da karas da latas kuwa, da ake yi wa kallon abincin Turawa a wasu garuruwa, mu a nan 'yan lambu na bakin Dilimi da na tsofaffin ramukan kuza sun sa sun zama abin kowa, haka ma dankalin Turawa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, Nasarawa ba unguwar Hausawa zalla ba ce. Mun taso da Yarbawa, musamman mutanen Ogbomosho, da Inyamurai, da Birom, da Anaguta, da Jarawa, da Angas. Akwai wata Iya Bayarabiya a layinmu mai sayar da amala da shinkafa da wake, Hausa a bakinta kamar jakin Kano, duk wanda ya zauna sai ta ce, "Ɗana, in ƙara maka romo?" A wurinta da yawanmu muka fara sanin yajin da ke sa mutum hawaye yana neman ƙari. Sakwara da miyar agushi a wurin Inyamurai muka koya. Gwate kuwa, ɗan'uwan faten da muka sani, da tuwon acca, maƙwabtanmu 'yan ƙasa ne suka ɗanɗana mana. Su ma fa ba a barinsu a baya wajen tsire da masa da fura da nono. Maganar yanka ba ta zama matsala ba, tunda nama daga hannun mahautanmu kowa ke saye. Ranar Sallah kwano ya tsallaka katanga, ranar Kirsimeti ya dawo da shinkafa.

Da aka buɗe babbar kasuwar Taminus a 1985, sai harkar abinci ta samu sabon gida. Mu 'yan kasuwa ba ma iya barin rumfa mu koma Nasarawa cin abincin rana, saboda haka kowane layi yana da mai abincinsa. Ta san mai son ƙanzo, ta san wanda likita ya hana gishiri, ta san wanda bai yi ciniki ba tun safe, kuma ba za ta tona masa asiri a gaban yaransa ba. Wata tana da ɗan littafi, wata kuwa a ka take riƙe lissafi, amma ba mu taɓa jin an kai ƙarar wani a kan bashin tuwo ba. Ɗan dako da mai shagon atamfa benci ɗaya suke zama, a kwano ɗaya ake wanke hannu. Ciniki nawa aka ƙulla a kan wannan benci tsakanin Bahaushe da Inyamuri, ba takarda ba shaida? Dattawan kasuwa suna nan, a tambaye su.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya fara rage auki. Malmala ta ƙanƙance, tsoka ta koma kamar ƙwayar goro, dunƙulen Maggi ya ture daddawa. A shekarun 1990 Indomie ta hau teburin mai shayi, ba ta sake sauka ba. Sai ga gidajen abinci na zamani masu gilashi da fanka da cokali mai yatsa, irin su Mr Bigg's, inda saurayi kan kai budurwa don a gan shi, ba don ya ƙoshi ba. Ba mu ce ba su da amfani, domin sun koya wa masu sana'a tsafta da iya karɓar baƙo. Amma a can ba a san sunan mahaifinka ba, ba a kuma ba da bashi.

Duk wannan canji ne na zamani, kowane gari ya gan shi. Namu na daban ya fara ne ranar Juma'a 7 ga Satumba, 2001. Bayan ƙura ta lafa, sai aka wayi gari wasu rumfunan abinci a rufe, masu su sun tashi. A watan Fabrairu na 2002 babbar kasuwa ta ƙone, aka kuma shafe fiye da shekara 20 ba ta koma yadda take ba. Ana lissafin asarar masu shaguna, amma ba a cika tunawa da masu abincin da suka rasa masu saye da bashin da suke bi a dare ɗaya ba. Sai rikicin Nuwamba 2008, sai na Janairu 2010 wanda ya tashi a nan gefenmu. Kowane ɗaya ya zo sai ya ƙara jan layi a tsakiyar gari. Maƙwabta suka yi musayar gidaje, wannan ya koma inda 'yan'uwansa suka fi yawa, wancan ma haka. Iyar nan mai amala ta koma garinsu, har da tukwanenta. Mutum ya riƙa tunani sau biyu kafin ya zauna cin abinci a unguwar da ba tasa ba, ga dokar hana fita da ta sha kashe wa masu shayi da masu tsire kasuwa.

Sai kuma zamanin bama-bamai. Ranar 20 ga Mayu, 2014, tagwayen bam suka tashi a Taminus, mutum aƙalla 118 suka rasu. Ranar Lahadi 5 ga Yuli, 2015, cikin watan azumi da daddare, aka kai hari gidan abinci na Shagalinku da ke titin Bauchi, da kuma masallacin 'Yan Taya inda ake tafsiri, fiye da mutum 40 suka riga mu gidan gaskiya. Mutanen da suka kai azumi, suka zauna gaban kwano, abin da ya same su ke nan. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga wannan lokaci har a ƙofar gidan abinci sai da aka riƙa laluben mutane.

Yau alhamdu lillahi an samu sauƙi, gidajen abinci kuma sun fi na da yawa. Sai dai abincin ya koma na leda da roba. Yaro zai buga waya a kawo masa, ya tura kuɗi ta waya, ya ci shi kaɗai yana kallon waya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, mai tuwo ba ta da ƙarfin ɗaga wa kowa ƙafa, ita ma da bashi take ɗauko shinkafa. Babban abin da ke damunmu shi ne, akwai samari a unguwar nan da aka haifa bayan 2001, wasunsu har sun yi aure, waɗanda ba su taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. A can ɗaya ɓangaren ma akwai irinsu. Wanda bai taɓa haɗa benci da kai ba, duk abin da aka gaya masa a kanka zai yarda.

Saboda haka muna kira ga shugabannin wannan ƙungiya da abu uku. Na farko, a sa matasa su bi tsofaffin masu sana'ar abinci da suka rage a Nasarawa da Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo, a rubuta labarinsu daga bakinsu tun suna raye. Na biyu, a ware wani abu daga asusun ƙungiya a matsayin jari mara ruwa ga zawarawa da matan da suka rasa mazajensu masu wannan sana'a, tunda marayu suke ciyarwa. Na uku, duk wanda ke da tsohon maƙwabci ko abokin ciniki a Unguwar Rukuba ko Tudun Wada ko Kabong, idan Sallah ta zo ya zuba tuwo da nama a kwano, ya ba ɗansa ya kai da hannunsa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, mu kuwa mutanen Jos mun shaida cewa rabinta a kwano take.

Allah Ya zaunar da garinmu lafiya, Ya sa albarka a cikin abin da muke ci. Amin.