Ina Maharban Suka Shiga? Tarihin Lamba Biyu a Ƙwallon Kwando

Yau zan ɗan kauce wa abin da muka saba, zan yi maganar ƙwallon kwando. Na san wani zai ce, mutumin Isa me ya haɗa shi da wasan Amurkawa? To ku ɗan yi mini haƙuri, labarin nan ta Sakkwato ya biyo.

Hakeem Olajuwon, wanda har yau Najeriya ba ta fitar da kamarsa ba a wannan wasa, ya tashi a Legas yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Sai da ya kai shekara 15 ya fara taɓa ƙwallon kwando, kuma gasar farko da ya shiga ita ce ta makarantun horon malamai da aka yi a Sakkwato. A 1984 shi aka fara ɗauka a zaɓen sabbin 'yan wasa na NBA, ƙungiyar Houston ta ɗauke shi. Portland ta zo ta biyu ta ɗauki wani dogo mai suna Sam Bowie, don tana ganin tana da Clyde Drexler, ba ta buƙatar wani irinsa. Na uku kuwa Chicago ta ɗauki Michael Jordan. Har gobe ana yi wa Portland dariya a kan wannan.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum biyar ne ke shiga fili daga kowane ɓangare. Lamba ɗaya shi ne mai rabon ƙwallo, shi ke tsara hari. Lamba biyar shi ne dogon da ke tsayawa ƙarƙashin kwando, irin su Olajuwon ke nan. Lamba biyu shi ne Turawa ke kira shutin gad, ni kuma a shirin nan zan riƙa ce masa maharbi. Aikinsa ya jefa ƙwallo daga nesa ta faɗa kwando, ya iya kutsawa idan an tare shi, sannan ya juyo ya tsare maharbin abokan hamayya. Idan wasa ya rage daƙiƙa biyar, ana bin ku maki ɗaya, shi ake miƙa wa ƙwallo kowa ya matsa gefe.

Akwai lokacin da wannan gurbi shi ne sarautar wasan. Jerry West na Lakers ya yi zamaninsa tun shekarun 1960, kuma siffarsa ce ake gani a tambarin NBA. Jordan ya ci kofi shida, daga 1991 zuwa 1993, sannan daga 1996 zuwa 1998. A tsakanin nan Olajuwon ya ci nasa biyu, 1994 da 1995, kuma a na biyun sai da Houston ta kawo masa Drexler ɗin nan, wato ko dogon ma ya nemi maharbi a gefensa. Bayan Jordan sai Kobe Bryant, mai kofi biyar, wanda a watan Janairun 2006 ya zuba wa Toronto maki 81 shi kaɗai a wasa ɗaya. Ga Dwyane Wade, ga Ray Allen, ga Reggie Miller. Duk yaron da ya tashi a lokacin, burinsa ya zama lamba biyu.

To amma ku duba wannan lissafi. Tun da Jordan ya bar Chicago a 1998, maharba uku ne kacal suka zama gwarzon ɗan wasan shekara: Allen Iverson a 2001, Kobe a 2008, James Harden a 2018. Daga 2019 zuwa 2024 kuwa dogaye ne suka mamaye kyautar, Giannis Antetokounmpo sau biyu, Nikola Jokic sau uku, Joel Embiid sau ɗaya. Yau idan ka ce a lissafo manyan maharba, za a ce Anthony Edwards, Devin Booker, Donovan Mitchell, daga nan a fara sosa ƙeya.

Abin mamaki shi ne ba jifan ne ya ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. An shigo da layin maki uku a NBA a kakar 1979 zuwa 1980, kuma a shekarar farko ƙungiya ba ta ma kai jifa uku daga bayan layin a wasa guda. Yanzu ana haura 30. Mu Gobirawa ai ba sai an yi mana bayanin abin da jifa daga nesa ke yi ba. A Tafkin Kwatto a 1804, dawakin Sarkin Gobir Yunfa da lifidinsu sun tarar da 'yan baka, kowa ya san yadda aka ƙare. Haka jifan maki uku ya yi wa tsohon salon tura ƙwallo ƙarƙashin kwando. Sai dai da kowa ya gane amfanin harbi, sai ya zama dole a kan kowa. Mai rabon ƙwallo irin Stephen Curry ya fi kowa harbi, dogo mai ƙafa bakwai ma yana fitowa waje ya jefa. Sana'ar da a da ta mutum ɗaya ce ta koma ta gari duka.

Dalili na biyu, a ganina ma shi ya fi ƙarfi. Yanzu idan ƙungiya ta ga tana da maharbi na gaske, ba ta barinsa ya tsaya jiran a miƙo masa. Ƙwallon gaba ɗaya ake damƙa masa. Haka Houston ta yi wa Harden a 2016, ta mayar da shi lamba ɗaya, ya kuma fi kowa ba da ƙwallon da aka ci a kakar. Shai Gilgeous-Alexander da ya zama gwarzo a 2025, tsayinsa da salonsa duk na lamba biyu ne, da a zamanin Jordan ya zo nan za a ajiye shi, amma a takarda lamba ɗaya ne. Wanda kuma ya ɗan fi tsayi sai a tura shi lamba uku. NBA da kanta, daga kakar 2023 zuwa 2024, ta daina la'akari da gurbi wajen zaɓen fitattun 'yan wasan shekara. Saboda haka maharban Amurka suna nan, suna kawai aka sauya musu.

Namu ƙarancin ne na gaske, kuma shi ya sa na ɗauko maganar. Ku lissafo 'yan Afirka da suka yi suna a NBA bayan sun tashi a gida: Olajuwon, Dikembe Mutombo na Kwango, Manute Bol na Sudan, Embiid na Kamaru. Dukkansu lamba biyar. Embiid ma kamar Olajuwon, sai wajen shekara 15 ya fara. Dogo ana iya tsintarsa a kasuwa ko a filin makaranta a koya masa wasa cikin shekara uku ko huɗu, domin tsayin Allah ya riga ya ba shi. Maharbi kuwa reno yake so. Kobe tun yana ɗan shekara uku yake riƙe ƙwallo, mahaifinsa ɗan wasa ne. Mahaifin Klay Thompson ya buga NBA, na Booker ma haka, na Curry ma haka. Yara ne da suka buɗe ido suka ga kwando mai daidaitaccen tsayi, ƙafa goma cif, da daɓe mai kyau, da wanda zai gyara musu gwiwar hannu tun kafin kuskure ya zauna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannun maharbi haka yake.

Tarihin D'Tigers ya nuna wannan ƙarara. A gasar Olamfik ta Landan a 2012 Amurka ta doke mu 156 da 73, ta jefa mana mai maki uku har 29. A 2015 a Tunisiya muka ci kofin Afirka karo na farko, muka doke Angola 74 da 65, kuma gwarzon gasar maharbi ne, Chamberlain Oguchi. A ina aka haife shi? Houston. A watan Yulin 2021 a Las Vegas muka doke Amurka 90 da 87 a wasan share fage, da jifa 20 masu maki uku. Wallahi ranar ban yi barci ba, ina riƙe da waya har asuba. Wanda ya fi ci mana shi ne Gabe Vincent da maki 21, shi kuma haifaffen Kalifoniya. Ba na rage musu komai, jininmu ne, sun kuma zaɓi rigarmu alhali ba dole aka yi musu ba. Amma hannun nasu ba a nan aka gina shi ba.

Inda aka gina fili a Arewa, an ga amfaninsa. A Zariya, koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da yara a Jami'ar Ahmadu Bello, ta hannunsa Masai Ujiri ya biyo, wanda ya jagoranci Toronto ta ci kofin NBA a 2019. A Kano, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars ta sha ɗaukar kofin ƙasa. Mutum ɗaya mai naci da fili ɗaya mai kyau, ka ga abin da suka haifar.

Ni kaina ban taɓa riƙe ƙwallon kwando ba sai da na shiga jami'a, lokacin hannu ya riga ya bushe. Wata biyu bayan wancan wasa na Las Vegas aka katse layukan waya a yankinmu saboda matsalar 'yan bindiga, ko kallon ma ya gagara. Kuma a ƙauyukan da ke tsakanin Isa da Sabon Birni, inda uwa ke ƙirga 'ya'yanta kafin magariba, wa zai bar yaro a fili yana jifa ɗari biyu kowace yamma? Na san akwai abin da ya fi wasa gaggawa, ba sai an tuna mini ba.

Amma ga abin da na gani da idona. Akwai ɗan yayata, shekararsa goma sha ɗaya, iyayensa sun baro ƙauye sun dawo cikin gari. Ya samo tsohon garen keke ya cire wayoyin, ya ɗaure a jikin dalbejiyar ƙofar gida, yana jefa ƙwallon roba. Na tsaya na ƙirga masa, cikin goma ya saka shida. Da na auna tsayin garen da igiya sai na ga bai kai ƙafa tara ba, ga shi ya karkace hagu. Na sa aka kawo tsani muka ɗaga shi zuwa goma, muka daidaita. Ya sake jefa goma, ya saka biyu, ya juyo ya ce, "Kawu, ka ɓata mini kwando." Na ce masa ya bar shi a haka, in na dawo da Sallah zan sake ƙirgawa.