Na'urar Gano Ƙarya a Ɗaukar 'Yan Sanda: Gaskiya Take Aunawa ko Tsoro?

Ma'aikatan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Gawon Nama a Sakkwato sun san wani abu da ya kamata masu ɗaukar 'yan sanda su sani. Mutum zai baro gida lafiya lau, amma da an zaunar da shi gaban likita, an ɗaura masa abin awo a damtse, sai jininsa ya hau. Fargabar wurin kaɗai ta isa. Shi ya sa likita ba ya cewa mutum na da hawan jini daga awo ɗaya. To wannan awon, haɗe da na numfashi da bugun zuciya da zufar yatsu, shi ne dukkan abin da na'urar da ake kira mai gano ƙarya take yi.

A watan Agustan 2016 rundunar 'yan sandan Najeriya, ƙarƙashin Sufeto Janar Ibrahim Idris, ta sanar cewa sabbin ma'aikata 10,000 da za a ɗauka sai sun bi ta wannan na'ura. Niyyar mai kyau ce: kada ɓarawo ko mashayi ko mai takardun jabu ya sa kaki. Tambayar ita ce ko na'urar na iya ɗaukar wannan nauyi.

John Larson ne ya haɗa ta a 1921, yana aiki da 'yan sandan Berkeley a jihar Kalifoniya. Hikimar da ke bayanta Bahaushe ya riga ya faɗe ta: mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ana sa ran maƙaryaci zai firgita in an taɓo inda ya ɓoye, jikinsa kuma ya tona shi. Sai dai karin maganar bai ce duk wanda ya razana da as kaza ce a aljihunsa ba, kuma a nan gizo ke saƙar. Har yau kimiyya ba ta gano wata alama a jiki da ƙarya kaɗai ke haifarwa ba. Kunya na sa zufa. Fushin an zargi mutum da abin da bai yi ba na sa zuciya bugawa. Yaron da ya taso a Gwadabawa ko Tangaza, aka koya masa sunkuyar da kai gaban manya da tsoron hukuma, in aka tambaye shi ko ya taɓa sata, jikinsa zai amsa tun kafin bakinsa.

Amurka, inda aka ƙirƙiro na'urar, ba ta sakankance da ita ba. Tun 1923 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi karɓar irin wannan awo a shari'ar Frye. A 1988 majalisarsu ta hana yawancin kamfanoni masu zaman kansu amfani da ita wajen ɗaukar ma'aikata, ko da yake an bar wa hukumomin gwamnati. Hujja mafi nauyi ta zo a 2003, a rahoton Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka. Masanan suka kawo lissafi: a ɗauka akwai ma'aikata 10,000, 10 daga cikinsu maciya amana ne. In aka saita gwajin don ya kama 8 daga cikin goman, mutum kusan 1,600 marasa laifi za su faɗi tare da su. In kuma aka sassauta don a kare masu gaskiya, yawancin maciya amanar za su wuce. Wannan lissafi shi ya fi shafar ɗaukar aiki, domin a nan ba laifi ɗaya sananne ake bincike ba, tambayoyi ne barkatai a kan rayuwar dubban mutanen da akasarinsu ba su yi komai ba. Kuma ƙwararren maƙaryaci shi ya fi kowa natsuwa. Aldrich Ames, jami'in CIA da ya riƙa sayar wa Tarayyar Sobiyet da Rasha asirai, ya ci gwajin a 1986 da 1991, ba a kama shi ba sai 1994.

Masu goyon bayanta na da hujja guda da ban raina ba: tsoron na'urar na sa wasu su furta abin da suka ɓoye, wasu ma su fasa nema. Haka ne. Amma wannan amfani na tsoratarwa ne, irin wanda gwaska ta yi a zamanin da, kuma yana ƙarewa ranar da aka daina jin tsoron. Akwai kuma abin da ya fi damuna: mutum ne ke fassara zanen da na'urar ta fitar. A ƙasar da kowa ke kukan sai mai uwa a gindin murhu ke samun gurbi, ba wa mutum ɗaya ikon kayar da ɗan talaka da hujjar da ba mai iya ƙalubalanta, buɗe wata ƙofar zalunci ce.

Sakkwato ba baƙuwa ba ce a fannin tantance amana. Alƙalan Malikiyya ba sa karɓar shaidar wanda ba su sani ba sai an yi masa tazkiya, a ɓoye da a sarari. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tambayi wani da ya zo yabon mai shaida ko maƙwabcinsa ne, ko sun yi tafiya tare, ko sun taɓa cinikin kuɗi; da ya ce babu ko ɗaya, sai ya ce masa ai bai san shi ba. Takardar mai tsaya wa mutum da rundunar 'yan sanda ke nema, wadda hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma ko babban ma'aikaci ke sa wa hannu, jikar wannan tsari ce, sai dai ta zama sa hannu kawai. Sau nawa mai sa hannun ya taɓa ganin yaron?

Ina kira ga Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, da gwamnatin jihar Sakkwato da ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2024, kada a hana kowa aiki saboda zanen na'ura kaɗai. A tura jami'i ya taka har unguwar mai nema, ya ji ta bakin mai unguwa da liman da malamin makarantarsa, a tabbatar da takardu daga inda suka fito, a yi gwajin ƙwaya a asibiti. Wanda kuma ya tsaya wa mutumin da bai sani ba, in abu ya ɓaci, a kira shi ya amsa.